Shafukan Da Baba Allura Ya Bari Fari

Ƙarfe bakwai na safe yake isa tashar awon maganaɗisu. Taku arba'in kafin ɗakin awo sai ya tsaya, ya cire agogo da makullai da bel, ya zuba su a wani akwatin katako, ya ɗaure wandonsa da igiya. Sannan ya shiga. Ɗakin na katako ne zalla, ƙusoshinsa na tagulla, don ƙarfe na jan allura. A tsakiya akwai allurar maganaɗisu rataye da zare. Ya duba ta, ya rubuta lamba, ya fito. Sau uku a yini, shekara talatin da huɗu. Shi ya sa ake ce masa Baba Allura.

Duniyar nan babban maganaɗisu ce. Ƙarfinta ne ke kare mu daga tartsatsin da rana ke watsowa, shi ne kuma ke juya allurar kamfas. Amma allurar ba ta nuna arewa daidai, kuma karkatarta na sauyawa kowace shekara. Dole wani ya zauna ya auna. A inda na yi karatu na ga lambobin tasharmu a jere cikin kundi, ana lissafi da su. Sunan tashar na nan. Na mai awon babu.

Matarsa ta ce ranar da aka haifi ɗansu na fari ya leƙo, ya ga jariri, ya duba agogo.

"Na ce, Malam, ina kuma? Ya ce allura ba ta san an yi haihuwa ba. Na ce to ka gaishe ta, ka ce mata mun sauka lafiya."

Wani tsohon safiyo, mai awon filaye, ya ba ni labarin wa da ƙane da suka kusa sare juna kan iyakar gona. Taswirar mahaifinsu ta shekara talatin ce, kamfas ɗin yau kuma ya ture iyakar cikin gonar ƙanen. Da aka kai maganar tashar, Baba ya buɗe littafin waccan shekarar, ya nuna nawa allura ta karkata tun lokacin. Aka sake ja, layi ya faɗa kan tsohon kututturen da uban ya bari. Ba wanda ya koma ya ce masa sannu.

Bara aka kawo sabon darakta. Ya zagaya, ya ga ɗakin katako, ya ce abin kunya ne. Aka tura Baba hutun da ya shekara goma bai ɗauka ba. Da ya dawo ya tarar da rufin kwano, ƙofar ƙarfe, tagogi da rodi, har da fenti. Allura ta bar duniya ta koma bin ƙofa.

Mai gadin tashar ya ce min yana tsaye lokacin da Baba ya haɗu da daraktan.

"Ranka ya daɗe, kun kashe ɗakin."

"Baba, gyara muka yi maka. Ko godiya babu?"

"Yanzu ƙofarku nake aunawa, ba duniya ba."

"To ka riƙa rubuta irin lambobin bara mana. Wa zai sani?"

"Ni."

Tun ranar yake zuwa kamar kullum. Ya shiga, ya rubuta kwanan wata, ya bar gurbin lamba fari, a gefe ya sa: akwai ƙarfe a ɗaki. Wata goma sha ɗaya ke nan. Ya rubuta takarda bakwai a cire rufin. Amsa ɗaya ya samu, takardar gargaɗi kan sakaci da aiki. Tana cikin fayil ɗin da zai yi ritaya da shi ranar Juma'a.

Baba, kai ne ka shafe shekaru kana gadin abin da ido ba ya gani, aka ɗauke ka mai taɓin hankali. Kai ne aka ba ka ƙarya mai sauƙi, wadda ba mai kama ka, ka ƙi. Mai awon gaskiya, na karanta lambobinka kafin in san fuskarka, kuma farin shafukan nan sun fi su daraja a wurina.

Mun gode, ko da yake godiyarmu ba ta cire ƙusa ko ɗaya. Masu tasowa, ku yi koyi da shi, amma ku shiga da ido buɗe: kun ga abin da aka saka masa da shi.

Na tambaye shi abin da yake so a yi masa ranar sallama. Ya ce kafinta biyu da yini ɗaya sun isa su sauke rufin, su cire ƙofar da rodin.

"In sun sauke, ko ba ni ba wani ya ci gaba. Amma a gaya masa kada ya cike wata goma sha ɗayan nan. Awon jiya ba a yin sa yau."

An riga an yi odar kujeru da lemo. Kafinta ne ba a kira ba.