Bidon da Hamidu ya ajiye a tsakar gida

Shekarar da giwan ruwa ya ƙi kamuwa, gidanmu na Malanbil ya koma gidan faɗa. Soja ke mulki a lokacin, amma mu yara iyakar saninmu da su jandarma, 'yan sandan soja da ke tsaye bakin gadar Gaya. Abin da muka sani shi ne Baba na fita da asuba, ya shimfiɗa mamari, igiyar nan mai ƙugiya da yawa, ya wuni cikin jirgi, ya dawo da 'yan karfasa da ko miya ba su isa ba. Ba ya ƙorafi. Sai ya wanke ƙafa ya ce, "Giwan yana nan ƙasa, zahi ne ya kai shi zurhi." Wannan sanyin nasa shi ya fi ƙona wa kowa rai, har Innata.

Kaka, uwar Baba, ita ke riƙe da wutar bandar kifi, kuma a gindin wutar muke zama bayan magariba. Ba tsohuwa ce mai laushi ba. Tatsuniyarta ba ta lallashin yara ba ce. In ta fara, akwai wanda take nufi, kowa kuma ya san shi.

Wata yamma Hamidu, ƙanen Baba, ya shigo da bidon maganin ƙwarin auduga, irin jarkar nan, ya dire shi tsakar gida.

"Yaya, gobe mu zuba shi tabkin bayan Madekali," in ji shi. "Kihi shi taso da kanshi. Kana zamne cikin jirgi kamar gunki, ɗiyanka na haɗiyar tuwo gaya."

Innata ta ce, "Hwaɗa mishi dai, ƙila kai shi ji ka."

Baba ya zuba wa bidon ido. Bai ce i ba, bai kuma ce a'a ba, abin da ya tsorata ni ke nan.

Kaka ta zungure wuta da ƙarfi har tartsatsi ya tashi. "Ku matso, ku masu kunne," ta ce mana. "Manya sun toshe nasu."

Ta ce wai zalɓe da kura tabki ɗaya suke sha. Zalɓe kan tsaya cikin ruwa tun safe, wata rana ya samu, wata rana ya koma haka nan. Kura na bakin gaɓa tana yi masa dariya, tana kiransa sanda mai baki. Har matarsa ta bi sahun kura wajen zagi. Da yunwa ta yi tsanani, kura ta tono wata saiwa mai ɗaci, ta daka, ta zuba a tabkin. Kifi ya taso fari fat, manya da 'ya'yansu da masu ƙwai a ciki. Ta ci, 'ya'yanta suka ci, ta kwanta tana shafa tumbi. Can sai ƙishirwa ta taso. Ta duba gabas, ta duba yamma, duk dajin babu wani ruwa sai wannan.

"Sai ta yi yaya, Kaka?" muka tambaya.

"Sai ta sha mana. Mi za ta yi?"

Hamidu ya miƙe. "Inna, in ni kike nuhi, kira sunana."

"Hamidu," ta ce. "Na kira. Tabkin ga Hillani ke shayar da shanu, mata ke wanka da ɗiyansu. Ni na haihe ka ko kura?"

"To mu ci mi? Tatsuniya?"

Kaka ta juya masa baya. Baba ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, don haka wuta ta fuskanta ta yi magana. "Shi kuma wancan da ya yi shiru, in ya taɓa bidon ga, kada kihinshi ya hau bandata har in mutu. In jandarma sunka zo, ni za ni nuna musu ɗaki."

Aka watse ba sallama. Da asuba Baba ya ɗauki mamarinsa ya nufi gulbi shi kaɗai, Hamidu ya ɗauki bido ya nufi Madekali. Ya dawo da buhunan kifi. Kaka ta hana a shigo da ko ɗaya, Innata ta tsaya bakin ƙofa tana kallon buhunan suna wucewa, ta daɗe ba ta yi wa Baba magana ba. Da maruƙan wani makiyayi suka mutu, aka fara neman wanda ya yi, Hamidu ya ƙetare gada zuwa Gaya, can ya zauna. Baba ya ci gaba da dawowa hannu wofi har ruwa ya taso. Giwan da ya fara kamawa ma ba wani babba ba ne. Shi da ƙanensa ba su ƙara haɗa hannu a kwano ɗaya ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar kura ce. Sai da na auri masunci, na ga irin wannan shekara da 'ya'yana a gabana, na gane ashe zalɓen ne ya sha wuya. Jiran kifi ba shi ne abin ba, jiran ne alhali mutanen gidanka na yi maka kallon rago. Kaka kanta ba ta taɓa yaba wa Baba ba, ko sau ɗaya. Innata ma ban ga laifinta ba, ita ke duba tukunya.

Yanzu in maigidana ya shigo da jirgi wofi, maganar Innata kan zo mini har bakin harshe, da zafinta. Nakan haɗiye ta, in miƙa masa ruwa, in ce, "Gobe wane gehe za ka shimhiɗa mamarin?"