Ludayin Tsoho Mai Tsamiya

Da Tsoho ya iso Makka a ƙafa ta hanyar Sudan, kafin yaƙin Hitila, abin da ya rage a burgaminsa maburgi ne da ludayin duma. Da su ya kafa sana'a a unguwar Misfala. Ya jiƙa tsamiya a tulu, ya burga, ya tace da ƙyalle, ya miƙa wa mai ƙishi a ludayi. Larabawa a kofin ƙarfe suke sha. Tsofaffin Hausawan unguwa kuwa, irin su Lurwanu mai ɗinkin takalma, ludayin suke jira bi da bi, ko da kofuna na zaune. Su ne cinikinsa na kullum, don alhazai lokaci gare su.

Wata rana ya ga maƙwabcinsa Balarabe yana turara tulunansa da mustaka, wani ƙaro mai ƙanshi, ruwan ya fito da daɗi. Tsoho ya ce shi ma sai ya turara nasa. Ya kifa ludayin a kan garwashi, ya juya sallamar wani. Duma ba yumɓu ba ne. Ya tsage har wuya.

"Ya shaihu, ka gasa mana ludayi?" in ji Lurwanu. "Ina yajin?"

Tsoho ya miƙa masa tsamiya a kofi. Lurwanu ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Kalas, shi ke nan. Wannan tsamiyar ƙarfe ce."

Tsofaffin suka ɗauke ƙafa. Ba inda ake sayar da duma a Makka, ayarin gida kuma sai dab da Hajji.

Matarsa Sa'adatu ta gaji da ganinsa zugum.

"Malam, kawo nan. Kakana gyartai ne, ɗinkin ƙwarya muka ci muka girma."

Ta huda gefen tsagar da basilla, ta ɗinke da zaren kabar dabino. Ɗinkin bai yi kyau ba, kuma yana ɗiga.

Lurwanu ne ya fara dawowa. Ya juya ludayin, ya duba ɗinkin da idon mai sana'a.

"Da takalmi ne, da na mayar wa mai shi."

"To, kawo abina."

"Zuba dai."

Ya toshe wurin da babban yatsa, ya shanye. Sauran suka biyo baya, kowa ya koyi inda ake sa yatsa. Da Hajji ta zo, wani Bakatsine ya ba Tsoho sabon ludayi. Ya yi godiya, ya kai wa Sa'adatu, ta riƙa kwasar miya da shi.