Gadin Tangaran

A unguwar Badariya muke zaune, zamanin da garinmu ke cikin jihar Sakkwato, maigidana ya sayo mini kabad na gilashi. Na jera tangaran a ciki, ba ma ci da su, sai gogewa. Da ɓarayi suka shiga maƙwabta, na daina zuwa zumuntar mata a coci, ina gadi.

Matar fasto ta zo duba ni. "Ƙanwata, mi ya tsare ki? Ko ciwo?"

Na ba ta ruwa a tsohon kofin roba.

Ta yi addu'a Yesu ya ishe ni, na ce amin har da hawaye. Ranar taro na ɗaura kallabi, na kai bakin ƙofa, na komo na zauna.