Kofin da Na Karɓe a Hannun Fenna

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, na ɗora gahawa da ƙarfe goma saura, domin ranar zuwanki ce, Aukje. Da na leƙa taga sai na ga Ruben, ɗalibinki, yana jingine kekensa a shinge, shi kaɗai, jakarki ta fata a kafaɗarsa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin jakar nan a hannun wani ba. Tun kafin ya buga ƙofa na buɗe masa.

Ya ce kin rasu, zuciya ce, ranar Lahadi da rana, kina cikin lambunki. Farfesa Aukje Veenhuizen, shekara sittin da huɗu a duniya.

Ni ba mai ilimi ba ce. Ina da shekara sha biyar na bar makaranta na shiga masana'antar kwali. Abin da kika rubuta a kan ciwon jijiya mai sa jiki rawa da fizga ya fi ƙarfin karatuna. Ruben ya ce likitoci har ƙasashen waje da hanyarki suke duba marasa lafiya, ɗalibanki ma sun yaye nasu ɗaliban. Ni abin da na sani shi ne abin da kika yi a kicin ɗina.

Kafin ki zo, a ƙauyenmu na arewacin Groningen ana cewa 'yan gidan Bolhuis mashaya ne. Mijina Harm, kakansa hannunsa na fizga, mahaifinsa haka, shi ma haka, alhali ko a biki ba ya taɓa giya. Mu matan gidan muka gaji dabara ɗaya: in baƙo ya zo, rabin kofi ake zuba wa mai ciwon, matarsa ce kuma ke kai masa tebur. Haka surukata ta koya mini.

Zuwanki na farko kika gano ni.

"Geertje, wannan rowa fa? Cika masa, ki bar shi ya kawo da kansa."

Harm ya ce, "Farfesa, in gahawa kike so, zauna can. In wanka kike so, matso kusa."

Kika yi dariya har da hawaye, kika matso. Ya tako daga murhu zuwa tebur, kina kallon kafaɗarsa da yatsunsa, sannan kika auna abin da ya zube a faranti. Kin ce a asibiti mutum kan daure, a gidansa ne ciwo ke nuna halinsa. Gida-gida kika bi danginmu a kan keke, ko ana ruwa, har kika tabbatar gado ne a jini. Ranar da kika faɗa wa Harm, sai da ya je maƙabarta ya gaya wa mahaifinsa. Kin sama masa maganin da ya ba shi shekara tara yana aske gemunsa da kansa, kuma kin zo jana'izarsa.

Yanzu ga abin da ke cina. A zuwanki na watan Disamba, jikata Fenna, 'yar shekara goma, ta ɗauko miki kofi. Tun lokacin kaka na lura hannunta na dama yana fizga in tana rubutu. Kin sha gaya mini a yara gara a gane da wuri. Amma da na ga ta nufo ki, sai na tare ta na karɓe kofin.

"Kaka, ai zan iya!"

"Da zafi, 'yar nan, je ki zauna."

Kika dube ni ta saman tabarau. Na kau da kai, na ce a raina sai Maris, in na samu ƙarfin zuciya. Abin da kika yi shekara ashirin kina raba ni da shi, shi na koma a gabanki.

Ga Maris ya zo. Ruben yaron kirki ne, amma da bakinsa ya ce ciwon gidanmu babu wanda ya san shi kamarki, rabin abin da kika sani kuma ba ki kai ga rubutawa ba.

Allah ya jiƙanki, Aukje, ya ba ki hutun da ba ki ba kanki ba. Ina yi wa mijinki Siebren da 'yarki Lieke da dukan ɗalibanki ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri.

Uwar Fenna ba ta sani ba tukuna. Har yau babu likitan da ya duba hannun yarinyar nan.

Geertje Bolhuis