Na Je Ɗauko Ƙanena a Gidan Abincin Bafaranshe

Mun bar Tsafe bayan sallar asuba, mu huɗu da jakai shida ɗauke da fatu. Abokan tafiyata fatauci ya fito da su. Ni kuwa Inna ce ta aike ni in nemo ƙanena, wanda ya bi fatake shekara tara bai dawo ba. An ce yana Yamai, ƙasar Faransawa, yana yi wa wani Bature girki. Idonta ya fara mutuwa, tana son ganinsa.

A Gusau muka sayi gero da araha. A Bungudu wata Bafulatana ta dama mana furar da ta sa ɗayanmu ya ce shi tafiyarsa ta ƙare nan. Daga Sakkwato muka yi yamma, sai da muka kwana ashirin da uku kafin mu ga Kwara.

Gidan abincin da yake aiki a Yamai yana bakin kogi, tsohon gini ne tun zuwan Faransawa na farko, da rumfa da tebura masu farin ƙyalle. Da hantsi mutane kan zauna da ɗan kofin gahawa da bai kai kurɓa uku ba, suna hira suna kallon jiragen ruwa har rana ta take, ba mai korar su.

A madafa na tarar da ƙanena yana ba da umarni da Faransanci. Da ya gan ni, ludayi ya faɗi daga hannunsa.

"Yaya! Inna ce ta rasu?"

"Tana nan. Kai take jira."

Mai gidan, wani tsohon Bafaranshe mai farin gashin baki, ya zaunar da ni a tebur. Aka kawo giwan ruwa da aka soya da man shanu, da burodi dogo kamar sandar makiyayi. Ban taɓa cin kifi irinsa ba. Gahawar kuwa, don kunya na shanye ta. Na zaci tsohon zai hana ƙanena tafiya, sai ya ce ya je, tukwane za su jira.

Bayan doguwar tafiya, mun iso gida wata rana da la'asar. Inna ta daɗe tana shafa fuskarsa, domin ba ta gani sosai. Na tafi da niyyar yi masa faɗa kan namiji ya ƙare a bakin murhu. Na dawo na san girki ma sana'a ce mai daraja. Washegari ya dafa wa Inna kifi, ta cinye ta nemi ƙari.