Lazarus da Ungulu Mai Karyayyen Fiffike

Lazarus mutumin Kaltungo ne, amma tun yana saurayi ya zo Gombe, ya shekara talatin yana tuƙa motar nama daga mayanka zuwa kasuwa. Yanzu ya haura sittin, yana zaune a Barunde da matarsa Janet. Duk Talata da Asabar yakan tafi wani ƙaramin gidan dabbobi a bayan gari, wanda wani likitan dabbobi, Dakta Abdullahi, ya buɗe don namun dajin da ake ƙwatowa daga hannun masu fataucinsu. Aikin sa kai yake yi. Ya share keji, ya sauya wa birai ruwa, ya yanka wa kunkuru kabewa.

Ranar da ya fara zuwa, likitan ya tambaye shi me ya kawo shi.

"Zaman gida ne ya ishe ni, likita," in ji shi.

Ba ita ce gaskiyar duka ba. Lokacin da yake sabon direba, ungulaye sun fi mahauta yawa a mayankar. Wata rana wani baƙo mai haɗa magunguna ya ce yana neman kawunan ungulu, ya miƙa masa wani garin guba a ƙunshi. Da hantsi Lazarus ya cuɗa garin da kayan ciki, ya watsa a bayan katanga. Ya ɗauka biyu ko uku za su ci. Sai suka sauko gaba ɗaya. Kafin rana ta take, filin ya cika da tsuntsaye suna juyi, suna jan fukafukai a ƙasa, ba kuka sai huci. Baƙon ya cika buhu huɗu ya tafi. Lazarus bai faɗa wa kowa ba.

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan ba a ƙasar nan, ya sani. Amma tun daga lokacin ungulu ta yi ta raguwa a garin, har ya kai jikokinsa a hoto kawai suka san ta. Bayan ya ajiye aiki, sai ya fara jin takun farce a kan kwanon ɗakinsa da rana tsaka, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. In ya fita ya duba, ba komai.

"Zafi ne ke motsa kwano, Baban Hilda," Janet kan ce masa. Sai ya gyaɗa kai.

Bara aka kawo wata ungulu cikin kwali, an kama ta a tashar mota, fiffikenta na hagu a karye. Likita ya ɗaure, amma ya ce ba za ta ƙara tashi ba. Lazarus ya roƙi a bar masa kula da ita. Sai dai in shi ya kawo nama, ba ta ci. Takan lafe a kusurwa ta zuba masa ido har ya fita. In wani ya kawo, ta cinye.

A mako na uku ya sami likitan a ofis, ya cire hula, ya faɗa masa komai.

"Baba, ba ta san ka ba," in ji Dakta Abdullahi. "Tsaya mata kake yi a kai. Ka zauna a ƙasa, ka ba ta baya."

Haka ya yi. Ya zauna a simintin keji yana kallon wayar kejin, gumi na bin wuyansa, har ya ji ta matso, ta fara yagar naman a bayansa. Bai waiwaya ba sai da ta gama.

Daga baya likitan ya nemi Lazarus ya ba da labarin a taron mahauta, don su daina barin baƙi suna zuba komai a juji. Ya tashi ya bayar. Wani tsohon mahauci ya dube shi ya ce, "Ashe kai ne. Mu mun ɗauka annoba ce." Da aka tashi, ya ba Lazarus hannu.

Ungulun tana nan, ta yi ƙiba. Likita ya aika saƙo har Bauci da Yola ko za a samo mata ɗan'uwa, don ungulu ba ta saba zama ita kaɗai ba. Duk Talata Lazarus kan tambaya. Har yanzu ba a samu ba.