Na Bi Malamin da Ya Rataya Mini Kwali Har Warra

Ana sallame sallar asuba muka bar Yelwa, ni da wani abokina da muka yi firamare tare. Shi ya ƙarasa karatu har ya yi ritaya a ofishin ilimi, ni kuwa ga ni bakin ruwa ina kwance injin jirgi, farce duk baƙin mai. Masu tambayata me ya kai ni Warra ranar aiki, to ku saurara.

Ina aji shida aka ce mu rubuta labarin Sallah da Turanci. Na rubuta cewa kawuna ya yi mini "dash" na riga, wato kyauta, yadda kowa ke faɗi a tasha da kasuwa. Malaminmu ya ce kalmar nan gudu take nufi, ko ɗan layin da ake ja a rubutu, sauran duk shirmen 'yan tasha ne. Ya yi mini bulala shida. Wannan ba komai, kowa ya sha. Amma sai ya rubuta kalmar a kwali, ya rataya mini a wuya, ya ja ni aji-aji, har bakin titi inda mata ke tuyar masa. Inna tana cikinsu. Tun ranar ban sake taka makaranta ba.

Watan jiya wata malamar kwaleji ta kawo mini janareta gyara, ta ce cikin raha in yi mata dash na fulogi. Na ce, "Hajiya, ke da iliminki? Wannan ai ba Turanci ba ne." Ta yi dariya, ta buɗe ƙamus na Turawa a wayarta ta miƙo mini. Ga ta nan zaune daram: kyauta, a Turancin Afirka ta Yamma. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Na sa ta turo mini hoton shafin a wayata, na yi cigiya, aka ce Malam yana raye, yana Warra gidan ɗansa. Abu guda nake so: ya faɗa da bakinsa cewa ya zalunce ni.

Motar da muka shiga ƙarama ce, mu huɗu a baya, biyu gaba, buhunan albasa a but har murfin ya ƙi rufuwa. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Da na yi magana direba ya ce in tambayi gidan mai, kamar ni da gidan mai dangi ne. Bayan mun ratse a Malando hanya ta fara nuna halinta, wani wurin kwalta, wani wurin rami mai haɗiye akuya. Gefen hanya gero ya yi kai, shinkafa kore shar a fadamu. Muka riƙa wuce matan Kambari da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, suna tafiya ba ruwansu da ƙurar kowa.

A Ngaski direba ya tsaya zuba ruwa a lagireto, muka sayi ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin baki ya san an sa masa abu. Nan abokina ya fara wa'azi, wai in bi tsoho a hankali. Na ce masa shi da ke karɓar fansho yana iya bin kowa a hankali.

Mun shiga Warra da hantsi. Ƙamshin kifi banda ya tare mu tun daga tasha, can ƙasa ga ruwa shimfiɗe, jirage na sauke mutane da babura. Na ji ƙarar wani inji na san fulogi ne ke kuka, amma ba aiki ya kawo ni ba. Mai shayi ya kwatanta mana gidan.

Malamin da nake gani a raina dogo ne, wandonsa da karin guga, muryarsa na kaiwa ƙarshen fili. Wanda na tarar a zaure ɗan tsoho ne a kan tabarma, ido ya yi fari, carbi a hannu. Muka gaisa. Da abokina ya faɗi sunansa ya gane shi nan take, har da sunan mahaifinsa. Ni kuwa ya ce, "Kai ɗan wa ne?"

Shekara arba'in ina ɗauke da mutumin nan a ƙirji, shi ko sunana bai riƙe ba.

Na ba shi labarin tun daga riga har kwali. Na fito da waya, abokina ya karanta masa, tunda ba ya gani. Ya yi murmushi.

"To, Turawa sun karɓe ta ke nan," in ji shi. "Haka harshen nan yake, ɗana. Kalmar da suke kiran nama da ita yau, da can kowane abinci take nufi. Wadda suke yabon mutumin kirki da ita, da can wawa ake kira da ita. Duk na karanta wannan a kwalejin horon malamai."

Nan jinina ya hau. Na ce, "Malam, ashe ka sani? Ka san kalmominsu na sauya wuri, ka kama ɗan shekara goma sha uku ka yi masa talla a gaban uwarsa?"

"A lokacin kuskure ce. Da ka rubuta ta a jarrabawa da sun kayar da kai."

"Ai ban kai jarrabawar ba, Malam. Kai ka kayar da ni kafin su."

Abokina yana ta taka mini ƙafa. Matar Malam ta leƙo da kwanon fura, ta ajiye, ta tsaya bakin ƙofa. Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Sai ya ce, "Bulala aikina ne, ba ni neman gafara a kanta. Kwali kuwa, mu ma haka aka yi muna, muka ɗauka shi ne koyarwa. Ban san ka bar makaranta don shi ba. Na cuce ka. Ka yafe mini."

Abin da na zo nema ke nan, kuma na samu. Na zaci zan ji sanyi. Ban ji ba. Na ce, "Bulala na yafe, ko ba ka nema ba. Kwali sai na yi shawara da zuciyata." Tsohuwar ta ce, "Ɗana, sha fura dai." Na sha don girmanta, kuma gaskiya furar ta yi.

A dawowa muka biyo ta Malando. Can abokina ya ce tsohon nan ba zai jira ni shekara ba. Na ce na sani. La'asar sakaliya muka iso Yelwa, na tarar da injina biyu suna jirana.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: Bature yana da damar sauya ra'ayi kan kalmarsa duk ranar da ya ga dama, ya buga sabon ƙamus, ba ya biyan kowa diyya. Ku malaman da ke karanta wannan, ku gyara wa yaro a takardarsa, tsakaninku da shi. Kalma tana iya dawowa ta zama daidai bayan shekara arba'in, amma ba mai mayar da mutum aji shida da furfura.

Shi kuwa Malam, na faɗa wa abokina ya shirya, za mu koma bayan girbi. Ban ce na yafe ba tukuna. Na dai ce za mu koma.